Yadda na wanke tankin tsohon tantan ɗin baffana

Massey Ferguson 135 ne, irin wanda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, ya daɗe a yashe a gonarmu ta Dadin Kowa. In ya tashi sai ya yi tari ya mutu. Da na haska tocila cikin tankin, ƙasansa duk baƙar laka ce mai yauƙi kamar kwalta. Ruwa ne ke kwanciya a ƙarƙashin man gas, ƙananan halittun da ido ba ya gani su hayayyafa a wurin, tsatsa kuma ta biyo baya.

Sauke tankin na yi gaba ɗaya, don tsiyaye mai kaɗai ba ya fitar da lakar. Na cire famfon ƙasa, ragarsa ta toshe ƙam. Na zuba kananzir ya kwana, na watsa notina a ciki, ni da ƙanena muka yi ta jijjiga muna zubarwa har ya fito garau. Wani ya ce a babbaka da wuta. Kul! Tururin mai yana fashewa.

Na ƙirga notinan da suka fito, na shanya tankin a rana, na sauya filta, sannan na sassauta sukurorin famfon mai na fitar da iska. Bugu ɗaya ya kama.