Kurakuran da ke kashe tsohon keken Ingila a hannun mai gyara

Tsohon keken Raleigh zai iya shekara arba'in a jingine a zaure, ƙura ta lulluɓe shi, tayoyi sun ruɓe, amma ƙarfensa garau. Ranar da ya faɗa hannun mai zumuɗin gyara kuwa, mako guda ya isa a ɓata abin da tsatsa ta kasa ci. Yawancin ɓarnar da ake gani a kan waɗannan kekuna aikin guduma ne da samfefa da gwangwanin fenti, kuma tana farawa ne tun kafin a san wane irin keke ne aka sayo.

Tambari ba shaida ba ne

Mai saye yakan leƙa gaban keke, ya ga tambarin Raleigh mai kan zalɓe da sunan Nottingham, garin masana'antarsa a Ingila, shi ke nan ya zaro kuɗi. Tambarin nan 'yan ƙusoshi ƙanana ne ke riƙe da shi, kowa na iya cire shi daga mataccen firam ya manna wa Phoenix na Sin ko Hero na Indiya, tunda dukkansu a kan fasalin keken Ingila aka ƙera su. Abin dubawa shi ne sassan da ke da wuyar sauyawa. A keken Raleigh na aiki, kafaɗar fok, wato inda ƙafafun nan biyu masu riƙe tayar gaba suka haɗu, bututu ce a kwance, da 'yan murafu masu ƙyalli da suka lotsa ciki a gefe da gefe. Farantin sarƙa kuma an huda shi da siffar zalɓe. Sauran kekunan Ingila ma kowanne da alamarsa: na Rudge tafin hannu ne a farantin. Humber ana gane shi da fok mai siraran ƙarafa bibbiyu a kowane ɓangare. BSA bindigogi uku ne a jingine da juna, domin asalin kamfanin maƙerin bindiga ne a Birmingham.

Sunan Ingila ma ba ya nufin a Ingila aka yi keken. Kamfanin TI Cycles na Madras, wanda aka kafa a 1949, yana ƙera Hercules da Phillips da BSA a Indiya da cikakken izini. Raleigh kansa ya yi masana'anta a Kano, lokacin da Najeriya take cikin manyan kasuwanninsa. Waɗannan ba jabu ba ne, kuma wanda ya samu na Kano da fentinsa na asali ya riƙe shi da kyau. Sai dai kada a biya kuɗin na Nottingham a kansu, kada kuma a ɗauka kayan wannan za su shiga wancan.

A batun shekara, mai sayarwa zai rantse maka keken tun zamanin Turawa yake. Idan mai giya uku ne na Sturmey-Archer, kamfanin da ya ƙera giyar da ke cikin cibiyar taya, goge cibiyar tayar baya da tsumma da kananzir. Ƙarƙashin sunan kamfanin za ka ga haruffan samfurin giyar, galibi AW, sannan lambobi biyu: "63" da "7" na nufin watan Yuli na 1963. Wannan ita ce shaida mafi sauƙi, muddin ba a taɓa sauya tayar ba. Kekuna da yawa da suka zo ƙasashenmu ba su da giya, to sai a koma lambar firam, wadda takan kasance a inda sandar sirdi ke shiga ko a ƙarƙashin gidan feda. Lambobin Raleigh na da can a hargitse suke, amma daga 1974 harafin farko yana nuna masana'anta, N Nottingham, W Worksop, lambar farko bayan haruffan kuma ita ce ƙarshen shekarar.

Noti ya ƙi shiga, sai a ƙara ƙarfi

Nan ne aka fi yin asarar da ba ta gyaruwa. Tsohon keken Raleigh na Nottingham yana da nasa tiredi, wato haƙoran da noti ke bi in ana murɗa shi: 26 a kowane inci, alhali sauran kamfanonin Ingila da kekunan zamani 24 suke amfani da shi a gidan feda da wuyan fok. Da ido ba za ka bambanta su ba. Sabon kofin gidan feda, wato murfin da ake murɗawa a gefensa ya riƙe boris, zai shiga zagaye ɗaya ko biyu lami lafiya, sai ya cije. Mai gyaran da bai sani ba sai ya sa doguwar sifana ya danna, ya cinye tiredin firam ɗin gaba ɗaya. Gidan fedar Raleigh ma ya fi faɗi, milimita 71 ko 76 maimakon 68 da aka saba.

Abin ya ƙara rikicewa saboda haɗe-haɗen kamfanoni. Raleigh ya saye Humber a 1932, Rudge a 1943, Triumph a 1954, sashen kekunan BSA a 1957. A 1960 Tube Investments, mai Hercules da Phillips, ya saye Raleigh, aikin ya koma Nottingham. Don haka Hercules na 1955 da na 1965 suna ɗaya ne a tambari, amma kofin ɗaya ba zai shiga ɗaya ba. Maganin kawai shi ne a adana tsofaffin kofuna da notuna, a wanke su da kananzir, a sauya boris kaɗai: guda 11 masu kwatan inci a kowane gefen gidan feda. Kuma duk abin da yatsu suka kasa murɗawa zagaye huɗu ko biyar, kada sifana ta taɓa shi. A tuna kofin dama da fedar hagu baibai ake kwance su. Notunan kuma awon inci ne irin na Ingila, sifanar milimita takan zame ta cinye musu kusurwa.

Sai 'yar ƙusar nan mai fafaffen gefe da ke kulle hannun feda da ƙarfen tsakiya. Ana kwance notinta, a ɗirka mata guduma keke na tsaye a kan tayoyinsa, kanta ya baje, boris na ciki su lotsa kofi. A sassauta notin har ya yi daidai da kan ƙusar, a tokare hannun fedar daga ƙasa da guntun bututu da ya taɓa ƙasa, sannan a yi mata bugu ɗaya mai ƙarfi. Wajen mayarwa, bugu ne ke zaunar da ita, notin riƙo kawai yake yi; in aka ce da shi za a ja ta, tsinkewa zai yi. Ƙusoshin biyu kuma kowace ta fuskanci akasin 'yar'uwarta, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Kaurin na Ingila milimita 9.5 ne.

Tayar gaba ta Raleigh tana da dama da hagu, abin da mutane kaɗan suka sani. Mazugin da ake daidaitawa, wato notin da boris ke birgima a kansa, mai gurbin sifana, a hagu yake zama. In aka juya ta, yana iya ɗaure kansa ana cikin tafiya.

Fenti

A ganina babu kuskuren da ya kai feshin sabon fenti ciwo. Baƙin fentin nan na asali gasa shi aka yi, ga siraran layukan ruwan zinariya, ga rubutun kamfani, ga farin wutsiyar madigadin baya da dokar Ingila ta shekarun 1930 ta kawo don a hango mai keke da dare. Duk wannan ake bi da samfefa a shafe, a fesa mai sheƙi, keken ya fito kamar dattijon da ya rina gemu: kowa ya gane, kuma kwarjinin ya tafi. Wajen masu tara kekuna darajarsa faɗuwa take yi nan take. Ruwan sabulu, sannan man goge mota a hankali, ana kauce wa rubutu da layuka, sannan kakin mota, sun isa su farfaɗo da fentin da ake zaton ya mutu. Sabon fenti sai firam ɗin da tsatsa ta riga ta cinye nasa, shi ma bayan an ɗauki hoton kowane rubutu da inda yake.

Sassa masu ƙyalli kuwa, kan keke da sandunan birki da wili, rufin kurom ɗinsu siriri ne ƙwarai. Samfefa ko burushin waya na kankare shi har abada. Dunƙulallen foyil na aluminiyam da ruwa ya isa ya ɗauke tsatsar sama. Walda ma haka: bututun firam da narkakkiyar tagulla aka haɗa su cikin kwasfa, waldar lantarki ƙona su take yi. Tun wajen saye a shafa ƙarƙashin bututun firam biyu, na sama da na ƙasa, daf da wuyan keke. In yatsa ya ji tudu ko fenti ya tattare, keken ya taɓa yin karo ta gaba.

Giya, fitila, taya, sirdi

Cibiyar AW, wadda aka fara yi a 1936, mai take sha, shi ya sa aka yi mata 'yar ƙofa mai murfi. Giris yana danƙare 'yan harsunan ciki su daina kamawa. Man gyaɗa yana daskarewa ya zama ƙaro, baƙin mai kuma datti ne. Ɗigo kaɗan na sabon man inji mara kauri, lokaci zuwa lokaci, shi ke nan. Sau da yawa giyar da aka ce ta mutu saiti ne ya goce. AW tana da wani gurbi tsakanin giya ta biyu da ta uku inda feda ke juyawa a banza, kuma mai tsaye a kan feda yana iya kifawa. A sa giya ta biyu, a leƙa ta tagar dogon notin dama, a murɗa saitin wayar har kafaɗar 'yar sandar da ke jikin ƙaramar sarƙa ta yi daidai da bakin ƙarfen tsakiyar tayar.

Mai Dynohub, dainamon da ke cikin cibiyar taya, kada ya kuskura ya raba maganaɗisun da naɗin wayar da ke cikinsa. Rabuwar ɗan lokaci ta isa ta rage masa ƙarfi, fitila ta dushe. Tare ake zaro su, tare ake mayarwa.

Taya kuma kada a je kasuwa a ce "inci 28" kawai. Ta babban keke mai birkin sanda 28 x 1½ ce, milimita 635. Akwai wata 28 ɗin mai 622 da ba za ta hau ba. Haka 26 x 1⅜ ta Ingila 590 ce, ta keken hawan dutse 559. Lambar milimita da ke jikin tsohuwar tayar ita za a kai wa mai shago.

Sirdin fata na Brooks da ya bushe, ana ganin ya lotsa sai a kama notin ƙarƙashin hancinsa a ɗaure, fatar ta yage daga wajen ƙusoshi. Wasu kuma su jiƙa shi da mai har ya saki ya zama tsumma. A fara shafa masa ɗan Proofide, man sirdi na kamfanin Brooks, ko wani man fata mai kaki, sama da ƙasa, a bar shi ya sha. Notin kuwa kwatan zagaye a lokaci guda, a hau a ji, in da buƙata a ƙara.