Kurakuran da muke tafkawa wajen sayen gem mai rangwame, na faifai da na saukewa

Duk ƙarshen watan Nuwamba, lokacin rangwamen Black Friday, sai samarin unguwarmu a Tudun Wada su fara turo mini hotunan allo: "Yaya, duba, gem ɗin dala 70 ya dawo dala 20, mu danna?" Yawanci nakan ce su dakata tukuna, domin farashin da ke kan allo ba shi ne kuɗin da zai fita daga aljihu ba.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne mantawa da data. Red Dead Redemption 2 yana cin wajen gigabayit 100, shi ya sa ma a PS4 faifai biyu ya zo da su. Wanda ya saye shi ta intanet a rabin kuɗi, sai ya sauke wannan lodin gaba ɗaya da datarsa. A ƙasar da intanet ɗin gida ba ya ƙarewa, wannan ba magana ba ce. A Kaduna kuwa, inda da yawanmu da MiFi ko wayar hannu muke haɗa na'ura, ga wuta da za a iya ɗaukewa ana tsakiyar saukewa, dole ne mutum ya zauna ya yi lissafi: kuɗin gem a canjin dala na ranar, da ribar mai sayar da katin kuɗi (wanda ake zuba kuɗi da lambarsa a asusun gem), da kuɗin data. Ka haɗa ukun, sannan ka je Kasuwar Gumi ko shagunan titin Ahmadu Bello ka tambayi farashin faifan na hannu. Sau da yawa za ka sha mamaki.

Amma kada wannan ya sa ka ɗauka faifai ya raba ka da data. Akwai faifan da kusan fanko ne. Call of Duty: Modern Warfare II da ya fito a 2022, abin da ke cikin faifansa bai kai megabayit 100 ba, sauran duk sai an sauke. Ko gem ɗin da ke cikakke a faifai, yakan nemi sabuntawa kafin ka buga da mutane a intanet. Kafin ka biya, juya bayan kwalin ka karanta ko an ce sai da intanet, ko ka sa mai shago ya saka maka shi a na'urarsa a gabanka.

Sai maganar yanki, wadda ita ce na fi ganin ta sa mutane hawaye. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, don haka kowa yakan ari Amurka ko Ingila ko Afirka ta Kudu. To, ƙasar da ka zaɓa ranar farko ba ta canzuwa. Katin kuɗi na dala ba ya shiga asusun Ingila, na fam kuma ba ya shiga na Amurka, kuma mai sayarwa ba zai karɓi lambar da ka riga ka gani ba. Faifan kansa zai yi aiki a kowace na'ura, amma ƙarin da ake saya daga baya, sabbin taswira ko 'yan wasa, sai yankinsu ya dace da na faifan. Gane yankin ba wuya: idan ka ga tambarin shekarun masu bugawa na ESRB a gaban kwali, na Amurka ne, idan PEGI ne, na Turai ne. Ka tsaya a yanki ɗaya, asusu da kati da faifai.

Ni kaina na taɓa faɗawa tarkon asusun haɗaka. Wani a WhatsApp ya sayar mini da asusu mai gem uku a kuɗin da bai kai na ɗaya ba. Wata biyu ina bugawa, wata safiya sai ga kwaɗo a kan dukkansu: ya canza kalmar sirri, lambarsa kuma ba ta shiga. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Asusun da imel ɗinsa ba a hannunka yake ba, aro ne, kuma kamfanin PlayStation ba zai saurare ka ba tunda dokarsa ta hana sayar da asusu. Ka saya a asusunka, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan ka saita na'urarka a matsayin babbar na'urar asusun, domin gem ɗin ya buɗe ko babu intanet.

Mutane kuma suna mantawa da ranar da za su gaji da gem. Faifai kana iya sayar da shi, ko ka yi musaya da cikon kuɗi, ko ka ba ƙaninka aro. Na saukewa izinin amfani kawai ka saya, kuma tun Oktoban 2024 Steam, shagon sayar da gem na kwamfuta, ma yake rubuta hakan ƙarara a wajen biya. Gem mai labari da za ka ƙare cikin mako biyu, faifai ya fi. Ƙwallo ce ke da wuyar sha'ani. EA Sports FC, wadda ta gaji FIFA tun 2023, kowane Satumba take fitowa da sabuwa, don haka wanda ya sayi faifan bara a watan Agusta don ya ga ya yi araha, ya sayi abin da zai rasa mai saye nan da 'yan makonni. Masu gidan gem sun fi kowa sanin wannan, yara ba sa zama a kan tsohuwar ƙwallo. Kuma gem ɗin da rayuwarsa ta dogara kacokan da intanet, faifai ba ya cetonsa: da kamfanin Ubisoft ya rufe gem ɗinsa na The Crew a ƙarshen Maris 2024, masu faifai da masu na saukewa duk tare suka rasa.

Game da maido da kuɗi, dokokin sun bambanta. Steam yana maidowa cikin kwana 14 idan ba ka buga ya kai awa 2 ba. PlayStation ma kwana 14 ne, amma da zarar ka fara saukewa, yawanci magana ta ƙare. Idan kana kokwanto, kada ka danna saukewa.

Akwai kuma wanda kuskurensa tun daga na'ura ne. PS5 Digital Edition da Xbox Series S ba su da wurin saka faifai, PS5 Pro ma sai ka sayi na'urar faifan daban. Mai tarin faifan PS4 da ya ɗauki mara faifai don ta fi sauƙi, ya rufe wa kansa kasuwar na hannu, sai dai idan samfurin da ya saya yana karɓar na'urar faifan daban.

Idan faifai na hannu za ka saya, ɗaga shi a haske ka duba karce da tsagewa kusa da ramin tsakiya, kuma ka ɗauka lambar kyauta da ke cikin kwalin an riga an yi amfani da ita. Da hunturu, kada ka bar shi a kan tebur. Ka goge shi da kyalle mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, ka mayar da shi kwalinsa kafin ƙura ta hau.