Kaset ɗinka ya fashe? Kar ka jefar, ga yadda ake ceto shi

Da farko dai mu gane menene ma kaset ɗin. Kalmar daga Faransanci ta fito, ma'anarta ƙaramin akwati, wato gidan robar nan shi ne kaset, shi kuma baƙin zaren da ke naɗe a ciki shi ke ɗauke da murya. Kamfanin Philips ne ya fito da na rikoda a 1963, na bidiyo VHS kuma JVC a 1976, har ɗan gwangwanin da fim ɗin kyamara ke zama a ciki kafin a kai wanki sunansa ke nan. Mu kuma nan Zariya da CD ya zo sai muka ci gaba da ce masa kaset abinmu.

Toh tunda akwati ne, in ya fashe murya ba ta mutu ba. Ni wallahi abin na ci min rai in ga an zubar da kaset na tafsiri ko na bikin iyaye wai don roba ta tsage.

Ka samo wani kaset da ba ka buƙata, mai noti ba wanda aka manne ba, in babu a gida ka leƙa wajen masu gyaran rediyo a Sabon Gari ko Tudun Wada. Kwance notikansa guda 5 da ƙaramin sukudireba ka cire zaren cikinsa, shi kuma fasasshen kaset ɗin ka ajiye shi kwance kan faranti kafin ka ɗaga murfin, don in zaren nan ya warware a ƙasa ka shiga uku. Ɗauki hoton yadda zaren ya bi ta kan ƴan tayoyin gefe tukunna, sannan ka ɗauke ƙullin zaren biyu a hankali ka mayar sabon gida, kuma ka duba ɗan soson nan na tsakiya yana nan, shi ke danna zare jikin kan rikoda, wato ɗan ƙarfen nan da ke karanta murya, in ya faɗi sai ka ji murya can ƙasa-ƙasa kamar daga rijiya.

In zaren ne ya tsinke, yanke wurin da ya cukurkuɗe da reza, haɗa bakin biyu, ka manna ɗan siririn salatif ta BAYA, ban da gefen da ke gogar kan rikoda. Sai ka zura biro mai kusurwa a ramin ka naɗe.

Kafin ka kunna goge kan rikodar da auduga da sifirit, ka ɓalle ƴan haƙoran nan biyu na saman kaset don kar wani ya danna rikodin bisa kuskure ya shafe. Kaset mai rubutun C60 minti 30 ne kowane gefe, C90 minti 45, ka tanadi caji daidai haka ka ɗauka a waya ko kwamfuta tun a kunnawar farko, don tsohon zare ba lallai ya jure ta biyu ba. Shi kuma kaset ɗin a ajiye shi nesa da lasifika da zafin rana.