Yadda Ake Zaɓen Kadanza Da Za Ta Dace Da Konceton Gogen Turawa

Konceto kiɗa ne da ake tsara wa makaɗi guda tare da ƙungiyar makaɗa da ke mara masa baya. Kadanza kuwa ita ce gaɓar da ke zuwa gab da ƙarshen babi, wato ɗaya daga cikin manyan sassan konceton, inda ƙungiyar ke yin tsit ta bar wa mai gogen fage shi kaɗai, har ya rufe da karkarwar sauti wadda ke kiran sauran su dawo. A ƙarni na 18 mai gogen ne ke ƙirƙirar ta nan take, amma yau yawanci rubutacciya ake zaɓa.

Matakin farko shi ne a duba ko wanda ya tsara kiɗan ya rubuta tasa. Mendelssohn ya rubuta ta da hannunsa a koncetonsa na 1844, ya kuma dasa ta a tsakiyar babin farko, haka nan Tchaikovsky ya rubuta tasa, don haka a waɗannan babu batun zaɓi. Mozart, wanda ya tsara huɗu daga cikin koncetocinsa biyar na goge a 1775, bai bar kadanza ko ɗaya ba, Beethoven ma bai bar wa gogen komai ba a nasa da Franz Clement ya fara kaɗawa a Biyana ranar 23 ga Disamba, 1806.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi bukatar natsuwa, wato auna zamanin kadanzar da zamanin konceton. Shahararren mai goge Joseph Joachim ya rubuta kadanza ga konceto na huɗu da na biyar na Mozart, kuma ɗalibai da yawa da su suke tashi, sai dai Joachim mutumin ƙarni na 19 ne, hannunsa na da nauyi, yana son haɗa sauti a kan tsirkiya biyu ko uku a lokaci guda. Kiɗan Mozart kuwa sassauƙa ne, shi ya sa mai kunne yakan ji kamar an ɗinka wa riga hannu da wani yadi daban. Wanda ke son kusantar salon Mozart yana iya duba waɗanda Robert Levin ya rubuta, domin ya daɗe yana nazarin yadda Mozart ke gina tasa a koncetocin fiyano. Amma Joachim ɗin nan shi ne ya fi dacewa da konceton Brahms, tunda dominsa aka tsara shi, shi ya fara kaɗa shi a Leipzig ranar 1 ga Janairu, 1879, kuma Brahms da kansa ya bar masa gurbin.

Lamarin Beethoven ya fi faɗi. Kadanzar mai goge Fritz Kreisler ce aka fi ji, kuma ta cancanci hakan saboda yadda ya saƙa jigogi biyu na babin farko suna tafiya tare. Akwai kuma wata hanya: bayan da Beethoven ya mayar da konceton na fiyano a 1807, ya rubuta kadanza mai haɗe da tambura, wadda Wolfgang Schneiderhan ya mayar wa goge daga baya. Ta Alfred Schnittke, wadda Gidon Kremer ya yayata, tana cusa guntayen kiɗan ƙarni na 20 da gangan, kuma a ganina ba ta ɗalibi mai shirin jarrabawa ba ce.

Daga nan sai a auna tsawo da kuma kayan da aka gina ta da su. Kadanza mai kyau daga jigogin babin take ɗiba, ba ta yin nisan kiwo daga asalin muryar kiɗan. Mai busa sarewa Johann Joachim Quantz ya rubuta a 1752 cewa ta mawaƙi ko mai busa kada ta wuce numfashi guda, kuma ko da yake ya sassauta wa masu tsirkiya, taƙaitawa ya fi yabawa. Babi na biyu, wanda ake kaɗawa a hankali, ya fi bukatar gajarta.

Sai mai gogen ya gwada ta da hannunsa ba tare da yaudarar kai ba, domin babu ƙungiyar da za ta rufa masa asiri a wannan gaɓar. Idan wani sashe ya fi ƙarfinsa, yanke shi ba aibi ba ne, muddin mahaɗar ba ta fito fili ba. Kafin ranar wasa ya miƙa wa jagoran makaɗa kwafin, su maimaita layukan ƙarshe tare sau da yawa, musamman a Beethoven, inda bayan karkarwar gogen ke ci gaba da jigo a tausashe, sauran masu tsirkiya kuma suna shigowa da tsinkar tsirkiya da yatsa.