Kurakuran da Ke Sa Yaro Ya Ƙi Hawa Fo

Idan yaro yana sandarewa ya fashe da kuka da zarar an ɗora shi a kan fo, kada a yi saurin cewa taurin kai ne. Galibi tsoro ne, ko zafi, ko kuma lokacinsa ne bai yi ba.

Gaggawa ce takan fara ɓata lamarin, musamman idan an ji ɗan wance ya riga ya daina saka pampas. Yawancin yara suna shiryawa ne tsakanin wata 18 zuwa shekara 3, kuma kowa da ranarsa. A lura: yana yin kamar awa 2 bai jiƙa pampas ba? Yana iya zame wandonsa? Yakan laɓe a lungu in zai yi kashi? In babu waɗannan alamu, a saurara masa na 'yan makonni.

Wanda ya fi damuna shi ne tsawa da duka da kunyatawa idan ya ɓata wando. Yaron da aka ce wa “ƙazami” ba ya koyon komai sai riƙe kashi. Kashin da aka riƙe yakan bushe ya yi tauri, ya fito da zafi, zafin kuma ya sa ya ƙara riƙewa. Za ki gan shi ya ɗage a kan yatsun ƙafa, ya matse cinyoyi, yana zufa, ki ɗauka nishi yake, alhali hanawa yake yi. Wani lokaci ma ruwa-ruwa ke zubowa ta gefen taurarren kashin ya ɓata wando, a zaci gudawa ce. Nan sai an fara gyara cikin tukuna: ruwa isasshe, kayan marmari da ganyaye. In taurin ya ƙi, ko aka ga jini, ko yana kuka wajen fitsari, a kai shi wurin likita. Idan kuwa ya kuskure, ki ce, “Ba komai, anjima sai mu yi a fo,” ki wanke shi ba tare da haɗe rai ba.

Ana kuma barin yaro ya daɗe a zaune. Minti 3 zuwa 5 sun isa, kuma an fi dacewa jim kaɗan bayan cin abinci, domin a lokacin hanji ke motsawa. In a masai na zama ne, a sa masa abin taka ƙafa. Ƙafa tana reto, nishi ba ya yiwuwa da kyau.

A daina tambayar “za ka yi?”, don amsar “a'a” ce. A ce, “Zo, lokacin fo ya yi.”

Dare kuwa daban yake da rana. Fitsarin kwance har zuwa shekara 5 abu ne da aka saba gani, ba da gangan yake yi ba. Haka wanda ya iya sannan ya koma baya saboda an yi masa ƙane, ko an sauya gida, ko ya yi rashin lafiya: a rage matsi, a ci gaba da kai shi a lokutan da ya saba.