Kurakuran masu fara fatsar tirawut a kan ƙanƙara

Duk shekara idan tsakiyar Janairu ta zo, aka buɗe kamun kifin tirawut (trout, wani kifin ruwan sanyi) na hunturu a yawancin tafkunan jihar Minesota ta Amurka, sai sababbin fuskoki su fito da tsofaffin kurakurai. 'Yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kawo su nan sukan roƙe ni in fita da su, ni kuma ina jin daɗin hakan ƙwarai. Amma na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin tafki, iska na yankar fuska, mai sauraro kuma hankalinsa na kan ɗaukar hoto. Gara in rubuta, kowa ya karanta a ɗakinsa mai ɗumi.

Ina magana ne a kan ƙananan tafkunan da hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, wato DNR, take zuba wa kifin da aka rena a gidajen ƙyanƙyasa. Wasu tafkuna ne na asali, wasu kuma tsofaffin ramukan haƙar tama ne da ruwa ya cika, irin na yankin Kuyuna kusa da garin Kurosbi.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne mutum ya ga sawun wani a kan ƙanƙara ya ce ai shi ke nan, hanya ta yi kyau. Sawu bai gaya maka kome ba, illa dai wani ya wuce. Yaushe ya wuce? Nawa ne nauyinsa? Ko sa'a ce kawai ta fitar da shi? Ƙa'idar DNR a sarari take: idan kaurin ƙanƙara bai kai inci 4 ba, kada ka taka. Wannan lissafin ma na sabuwar ƙanƙara ce mai garai-garai, wadda za ka leƙa ka ga duhun ruwa ta cikinta. Farar ƙanƙara, wadda dusar ƙanƙara ta jiƙe ta sake daskarewa, ƙarfinta kusan rabin na waccan ne, saboda haka sai ka ninka adadin. Kuma tafki ɗaya ba ya daskarewa bai ɗaya. Inda rafi ke shigowa, inda idon ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, gefen ciyawa da kututture, ƙarƙashin dusar ƙanƙara mai kauri da ke lulluɓe wuri ta hana sanyi ratsawa, duk nan ƙanƙara kan zama siririya alhali taku kaɗan a baya tana da kauri. Wasu ƙananan tafkunan ana sa musu injin motsa ruwa don kada kifi ya mutu da rashin iska, kewayensa kuwa tarko ne, shi ya sa ake kafa alluna. Ramukan tama su kuma zurfinsu kan jinkirta daskarewarsu. Na Fotsmot da ke Kuyuna zurfinsa ya kai ƙafa 450, ba za ka auna shi da ɗan tafkin unguwarku ba.

Na ga abin da wannan ganganci ke jawowa da idona. Wani ɗalibi ne, ƙanin abokina, aka damƙa mini amanarsa. Muna sauke kaya na ce ya jira ni, shi kuwa ya ga sawun babur ɗin ƙanƙara ya bi, ya yanke ta kusa da bakin rafi. Ƙarar da na ji ba ta da yawa, amma da na waiga ruwa ya kai masa ƙirji. Allah ya sa wurin ba zurfi. Na jefa masa igiya na ja shi yana rub da ciki. Kafin mu kai mota wandonsa ya sandare kamar busasshiyar fata, yatsunsa sun kasa kama zif ɗin rigarsa, sai ni na tuɓe masa kaya, haƙoransa na karo da juna har ba ya iya haɗa kalma. Daren nan ban runtsa ba, ina tunanin da wane baki zan kira mahaifiyarsa da abin ya zo da ƙarar kwana. Tun daga ranar, wanda zai bi ni sai ya bi dokata, in ba zai iya ba ya zauna gida, ba na jin kunyar kowa a kan wannan.

Dokar tawa ita ce, ni nake gaba, da doguwar sandar ƙarfe mai kaifin baki, ina dukan ƙanƙara da ƙarfi kafin kowane taku biyu ko uku. In ruwa ya tsattso, mu koma ta inda muka fito. Ina huda rami ina aunawa da awo, ba da ido ba. Kowa ya rataya tsinkunan ƙarfe biyu masu mariƙi a wuya, a saman riga, domin wanda ke cikin jaka ba shi da amfani ga mutumin da ke cikin ruwa. Muna tafiya da tazara tsakaninmu, igiya kuma a hannun na baya. Wani farfesa na Jami'ar Manitoba a Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin da ke samun wanda ya faɗa ruwan ƙanƙara da lissafin 1-10-1: minti 1 ka shawo kan numfashinka, kamar minti 10 da hannuwanka za su iya aiki, sai kamar awa 1 kafin sanyi ya sumar da kai. Ka juya ta inda ka fito, don can ne ƙanƙarar ta ɗauke ka, ka kafa tsinkunan, ka yi ta harba ƙafa har cikinka ya hau, sannan ka mirgina. Kada ka miƙe tsaye. Mai ceto kuma kada ya ruga bakin ramin, ya kira lambar gaggawa ta 911 ya jefa igiya daga nesa.

Abin takaicin shi ne duk wannan rige-rigen zuwa tsakiyar tafki ba ya ma kawo kifi. Nan ne kuskure na biyu. Sabon shiga yana ganin babban kifi sai zurfi, sai ya je tsakiya ya huda, ya sake ƙugiya har ta taɓa ƙasa, ya zauna yini guda. Haba malam! Da rani ne tirawut ke gudu ƙasa don neman ruwa mai sanyi. Da hunturu kuwa ruwan duk sanyi ne, daga kusan sifili a ƙarƙashin ƙanƙara zuwa digiri 4 na Selsiyos a ƙasa, babu abin da ke tsare shi a can. Yawo yake yi, musamman nau'insa mai ratsin bakan gizo, yana bin gefen gaɓa da bakin ciyawa yana tsintar ƙwarin ruwa. Sau da yawa nakan kwanta in leƙa rami in gan shi ya gifta ƙafa uku ko huɗu a ƙarƙashin takalmina. Idan hunturu ya yi nisa abin yakan ƙaru, domin dusar ƙanƙara ta tare haske, ciyawar ruwa ta mutu tana ruɓewa, ruɓewar tana cinye iskar oksijin daga ƙasa zuwa sama, tirawut kuwa kifi ne mai buƙatar oksijin da yawa. Kai kana can ƙasa inda ba rai, shi yana wucewa ta saman ƙugiyarka.

Ni dai ga yadda nake yi, wasu ƙwararrun ba za su yarda da ni ba. Ina farawa daga ruwa mai zurfin ƙafa 5 zuwa 15, in sa ƙugiya ƙafa biyu ƙasa da ƙanƙara, in riƙa sauke ta kaɗan-kaɗan. Kifin nan sama yake kallo, zai taso wa abin da ke bisansa, amma da wuya ya lura da na ƙasansa. In ba motsi, in koma wani ramin. Ramukan kuwa duk ina huda su tun da duhu, bayan sallar asuba, sannan in zauna shiru wuri ya lafa, saboda fitowar rana ce lokacin da ya fi ci. Wanda ya iso da hantsi ya kunna injin huda a kan ruwa marar zurfi, yana jan kujera yana buga ƙafa, ya kori kifinsa ya kori na maƙwabta. Don Allah in ka ga mutum zaune shiru a kan raminsa, ka ba shi fili.

Sai maganar tanti da hita. Hitar gas a cikin tanti rufaffe tana tara iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutane. Kada ka toshe kafofin iskar tanti don kana jin sanyi. Ka sayi ɗan na'urar da ke ƙara idan iskar ta taru. In ka ji ciwon kai, ko jiri, ko barci ya fara fizgarka ba dalili, fita waje nan take.

Ragowar ƙanana ne, amma suna ɓata yini. Zare mai kauri kifin yana ganinsa a ruwa mai haske, ni ba na wuce wanda ƙarfinsa ke ɗaukar nauyin fam 4. Ƙugiya ƙarama, da tsutsa ɗaya ko guntun tana, ta fi babban loma. Kayan auduga a jikin fata suna riƙe gumi su daskarar da kai, sa na ulu. Safa uku a matsattsen takalmi tana tare jini, ƙafar ta fi yin sanyi. Ka yi alwala tun daga gida. Kada ka ɗaure maɗaurin zare tam, tirawut yakan yi wata fizga a daidai bakin rami, nan ne zare ke tsinkewa.

Doka kuma ka karanta ta da kanka, ɗan littafin kyauta ne. Bayan lasisin kamun kifi akwai sitam, wato izinin kamun tirawut, da ake saya daban. A tafkunan da aka keɓe wa tirawut, sandar fatsa ɗaya aka yarda da ita, ba biyu ba kamar sauran tafkuna da hunturu, kuma an hana amfani da ƙananan kifaye masu rai a ƙugiya. Dalilin hanin shi ne in suka kuɓuce suka hayayyafa, sai su cinye abincin tirawut su lalata tafkin da aka kashe kuɗi aka gyara. Jami'in hukuma ba zai karɓi "ban sani ba" a madadin tara ba.

Na ƙarshe, kifin da za ka saki. Raina yakan ɓaci in na ga an jefar da shi a kan dusar ƙanƙara yana birgima, ana neman waya a aljihu don hoto, sannan a mayar da shi rami a ce an sake shi. A irin sanyin nan idanunsa da sassan numfashinsa suna daskarewa cikin ɗan lokaci kaɗan, ya tafi yana iyo amma mutuwa zai je ya yi. In za ka ci, ka kashe shi nan take ka ƙirga shi cikin adadin da doka ta yarda ka kama. In ba za ka ci ba, ka bar kansa a cikin ruwa, ka zare ƙugiya da filaya, ka juya shi ka tura shi ƙasa.