Yadda ake gadon aji a Python da da'ira da murabba'i

Kusan duk ɗalibin da na koya wa gado hanya ɗaya yake bi: ya rubuta ajin da'ira, ya kwafe shi, ya sauya masa suna zuwa murabba'i. Wannan kwafe ne, babu gado a ciki. Fara da uwa, wato ajin da sauran za su gada, ka zuba mata abin da kowace siffa take da shi kawai.

```
class Siffa:
    def __init__(self, suna):
        self.suna = suna
    def fili(self):
        raise NotImplementedError
```

Ban yarda a sa `return 0` a wurin nan ba. Idan ɗa ya manta bai rubuta nasa lissafin ba, gara manhajar ta yi ihu da ta miƙo maka sifili ka ɗauka amsa ce.

Sai ɗan fari. Ka tuna da `import math` a sama.

```
class Daira(Siffa):
    def __init__(self, r):
        super().__init__("da'ira")
        self.r = r
    def fili(self):
        return math.pi * self.r ** 2
```

Layin `super` ɗin nan, mai kiran `__init__` na uwa, shi ne inda ake faɗuwa, ni ma ya taɓa cinye mini dare guda. Da zarar ɗa ya rubuta `__init__` nasa, Python ba zai sake kiran na uwa da kansa ba. Abin da ke ruɗa mutum shi ne, in ka manta layin, Python ba ya kuka nan take. Za ka ƙirƙiri `Daira(7)` lafiya lau, ka nemi fili ya ba ka 153.9 da 'yan kai, ka ce an gama. Sai can ƙasa, ka nemi suna, ya jefo maka `AttributeError`. Ka yi ta lalube a layin da ya nuna, alhali ɓarnar tana sama, inda ba a taɓa ba da sunan ba. Saboda haka dokata: `super` ne layin farko, kafin komai.

Rashin laftof ba uzuri ba ne, manhajar Pydroid 3 a wayar Android ta isa wannan aikin.

Murabba'i haka yake, gefe sau gefe. Alwatika kuwa rabin gindi sau tsayi. Zuba su duka a jeri ɗaya, ka zagaya da `for`, ka kira `fili()` a kan kowanne, kowa zai amsa da nasa lissafin. In ka ga kana rubuta `if` don tantance wace siffa ce, koma ka duba ajin da bai rubuta `fili` nasa ba.